Kurakuran da aka fi yi wajen tantance tsutsotsin hanjin kyankyasan rami

Kyankyasan da ke haƙa rami a Ostareliya, irin su Macropanesthia rhinoceros na jihar Kwinslan, wanda nauyinsa kan kai giram 30 kuma yake jan busassun ganyen turare zuwa cikin raminsa, suna ɗauke da ƙananan tsutsotsi na rukunin Thelastomatoidea a ƙarshen hanjinsu. Na gaji da ganin ɗalibai suna ɓata wannan aiki da kurakurai iri ɗaya.

Mafi muni shi ne ɗaura wa tsutsotsi aure da ka. Ɗalibi zai tsaga hanji, ya ga mace cike da ƙwai, ya ga ɗan ƙaramin namiji yana motsi kusa da ita, sai ya rubuta su jinsi ɗaya. Wa ya gaya maka nata ne? Hanjin kyankyaso guda kan tara jinsuna da dama a lokaci ɗaya, musamman na Panesthia cribrata mai cin ruɓaɓɓen itace, kuma mazan, waɗanda suke fitowa daga ƙwan da ba a barbara ba, ƙanana ne ƙwarai, sau da yawa ba su yi kama da matan ba. A gabana aka zubar da zane-zane da awon da aka sha wuya a kansu, saboda an liƙa wa macen wani jinsi namijin wani. Ni dai ba na haɗa su sai sakamakon gwajin ƙwayoyin halittarsu (DNA), a wani ɓangare da ake kira 28S, ya zo daidai, ko da aikin zai yi jinkiri.

Na biyu shi ne jefa tsutsa da ranta cikin sinadarin adanawa mai sanyi. Nan take za ta ƙudundune, ta yamutse, tsawon maƙogwaro da na wutsiya, waɗanda da su ake rarrabe jinsi, su tashi a banza. A kashe ta da ruwan gishiri mai zafi ta miƙe sambal tukuna. Kada kuma a zuba duka tsutsotsin cikin fomalin, sinadarin da ke hana gawa ruɓewa, domin yana lalata DNA. Al'adata ita ce in ware wasu cikin itanol, wani sinadarin adanawa, domin gwajin DNA tun daga farko.

Sabon kyankyaso ba ya nufin sabuwar tsutsa, domin jinsi ɗaya kan zauna cikin kyankyasai daban-daban. Kada a ɗauko sunan Leidynema appendiculata na kyankyason gida a ɗora wa ta rami don sun ɗan yi kama. Sannan a adana gawar kyankyason tare da sunan wurin da aka haƙo shi, saboda wanda zai sake duba aikin.