Yadda ake tace ruwa daga jinin mai ciwon zuciya idan Lasix ya gaza

Idan zuciya ta yi rauni ruwa yakan taru a jiki, kafa ta kumbura har ka danna yatsa ya bar rami, ciki ya tashi, mutum baya iya kwanciya sai da filo biyu ko uku saboda haki. Maganin farko dai allurar Lasix ce a jijiya, wato maganin da yake sa fitsari, idan fitsari bai zo ba a kara yawanta ko a hada mata da wani maganin. Sai duk wannan ya ki ci sannan likita yake tunanin injin tace jini, kada kaje kana matsa masa tun ranar farko.

Ba wankin koda bane kamar yadda mutane suke dauka, shi wannan ruwa da gishiri kawai yake janyewa. Za'a saka siririn tiyo a jijiyar wuya ko ta hannu, jini ya fita ya bi ta cikin matata, ruwan ya diga cikin jaka launinsa kamar fitsari mai haske, jinin ya koma jiki. Ana hadawa da hefarin dan kada jini ya daskare ya toshe matatar, saboda haka in majinyacin yana zubar jini ko yana shan maganin tsinka jini to a fada tun kafin a fara.

Inda rigimar take shine gudun da inji yake jan ruwan. Ruwan da ya kumbura kafar nan ba a cikin jijiya yake ba, a cikin tsoka yake, kuma a hankali yake komawa cikin jini, in inji ya ja fiye da yadda yake komawa sai awon jini ya fadi, koda ta rasa jini ta fara lalacewa. Galibi ana farawa ne da mililita 100 zuwa 250 a awa daya, ana ragewa ko karawa gwargwadon yadda jiki ya karba, aikin kan dauki kwana daya zuwa uku. A binciken UNLOAD na 2007 wadanda aka sawa inji sun fi masu allura rage nauyi kuma basu cika komawa asibiti ba, amma a binciken CARRESS-HF na 2012 da aka kafe kowa a kan mililita 200 a awa, kodarsu ce ta sha wahala kuma nauyin da suka rage bai fi na masu allura ba. Ni a ganina wannan kadai ya isa mutum ya daina ce wa nas ta kara gudu dan a sallame shi da wuri.

Kai mai jinya aikinka ka lura. Jiri, murdewar tsokar kafa, raguwar fitsari, jini ko zazzabi da ja a wajen tiyo, kira nas nan take. Za'a rika auna kiriyatinin, wato gwajin jini da yake nuna aikin koda, da kaurin jini, in suka hau ana rage gudun inji ko a tsayar. Bayan sallama a auna nauyi kullum da safe bayan fitsari, a sikeli daya, lita daya ta ruwa kilo daya ce, in ya karu da kilo 2 cikin kwana uku a koma wajen likita.