Ba game ɗin ne ya tsane ka ba: kurakuran sabon shiga a Elden Ring da ire-irensa

Ni dai shagon caji gare ni a wani ƙauye nan ƙasar Ringim, sola da batir da ɗan janareta na ko-ta-kwana, to bayan kaka da na sayar da riɗi sai na ƙara kuɗi na sayo PS4 na hannu daga Kano na ajiye a lungun shago yara suna buga ball suna biya. Wanda ya sayar min ya haɗo da faifai uku, ɗaya a ciki Elden Ring ne, wanda kamfanin FromSoftware na Japan ya fitar a Fabrairun 2022, su ne dai masu Dark Souls na 2011 da Bloodborne na 2015 da Sekiro na 2019, duk jirgi ɗaya ya kwaso su wajen wahalar da mutum. Na ga yara sun fi ashirin sun ɗauki pad da zumuɗi, kafin minti talatin sun ajiye suna cewa wannan ai ba na mutane ba ne. Ni ma haka na ce a satin farko. Yanzu da na daɗe ina bugawa ina kuma kallon masu bugawa, abin da na gano shi ne rabin wahalar ba daga game ɗin take ba, halin da muka taho da shi daga ball da Mortal Kombat ne yake kashe mu.

Na fara da abin dariya wanda kusan kowa sai ya yi. A ball maɓallin akwati shi ne shot, a God of War na waya ma shi ne sara, to yaro yana ganin abokin gaba sai ya hau danna akwati ba ƙaƙƙautawa, alhali a nan akwati shan magani ne, sai ka ga akta ya tsaya gaban mai takobi yana ta kurɓar kwalba har ta ƙare a banza sannan a sare shi. Sara yana R1, mai nauyi yana R2, garkuwa L1, O shi ne mirginawa, idan ka riƙe shi kuma gudu ne, X tsalle, sannan ka danna sandar dama ciki don idonka ya tsaya kan mutum ɗaya. Duk wannan akwai kogon da ake koyarwa a farko, ramin nan da ke gefe bayan dodon farko mai hannaye barkatai ya kashe ka, mutane suna wuce shi don sun ɗauka tarko ne. Faɗa ciki. Shi kuma dodon farkon kar ya dame ka, dama an ajiye shi ne don ya kashe ka, ba laifinka ba ne.

Sai zaɓen akta. Kala goma ne, kuma wallahi ban san me yake jan yara ga Wretch ba, wanda yake tsirara da kulki a lebul 1, wai don a ce su gwanaye ne. Sabon shiga ya ɗauki Vagabond ko Samurai kawai. Vagabond yana da jini da yawa da garkuwar da ke tare sara gaba ɗaya, Samurai kuma yana da baka da takobin da ke sa bos, wato babban abokin gaba, zubar jini. Amma fa Vagabond yana zuwa da kaya sun yi masa nauyi, idan ya mirgina kamar buhun gero ya faɗo daga amalanke, sai ka shiga wajen kaya ka cire doguwar barandamin nan daga hannunsa. Ƙa'idar ita ce kayan da ke jikinka kar su kai kashi 70 cikin ɗari na abin da za ka iya ɗauka, wanda yake cikin jaka ba ya nauyi, wanda ka saka ne kawai ake lissafawa. Yara suna son su lafta sulke mafi ƙyalli su riƙe makami uku, suna mamakin me ya sa ba sa iya kaucewa.

Yanzu ga babban, wanda shi ne ya fi korar mutane daga shagona. Kana fitowa fili a Limgrave, yankin farko na game ɗin, za ka hango wani ƙato a kan doki sanye da sulken zinare yana sintiri, Tree Sentinel. Mu da muka saba game yana tafiya a layi, ka kashe na gabanka sannan a buɗe maka gaba, sai mu ɗauka dole ne a yi da shi. Ɗan yayata ya kwashe yamma guda a kansa, yana mutuwa yana komawa, har ya juyo ya ce "Kawu anya wannan yana mutuwa kuwa?" Yana mutuwa mana, amma ba yau ba. Zagaye shi za ka yi ta cikin ciyawa ka isa cocin nan da ya rushe inda ɗan kasuwa yake zaune gefen wuta. An ajiye mahayin nan ne musamman don a koya maka cewa a nan gudu ba tsoro ba ne, kuma ba a rufe maka hanya ba, duniyar a buɗe take ta ko'ina. Haka ma Margit, bos na farko na gaske a ƙofar ganuwar Stormveil, hasken zinaren da ke fitowa daga wuraren hutu, inda akta yake zama jini da magani su cika, yana nuna maka wajensa tun da wuri sai ka ɗauka yanzu ake nufi. A'a. Juya kudu ka haye gada zuwa Weeping Peninsula, can abokan gaba suna da sauƙi, akwai coci uku da kowanne ke da abin ƙara ƙarfin maganinka, ka shiga koguna da ramukan haƙar dutse ka tara abin gyaran makami, ka dawo wa Margit da ƙarfinka. Gabas kuma inda sama ta yi ja, Caelid kenan, kar ka leƙa tukuna. Akwai ma wani akwati a kangon da ke cikin tafkin Limgrave da idan ka buɗe hayaƙi zai ɗauke ka ya jefa ka can cikin wani rami a Caelid, ƙanina ya faɗa, ranar har cewa ya yi a goge masa komai ya sake daga farko. Ba sai an goge ba, lallaɓawa za ka yi ka gudu waje.

Wajen faɗan kansa kuwa, duk wanda ya taɓa tsayawa kallon dambe bayan girbi ya san abin da nake nufi. Ɗan damben kirki ba ya shiga fili yana wurga hannu ko ta ina, zagaye yake yana auna abokin karawa, yana karanta ƙafarsa, sai ya ga ƙofa sannan ya kai ɗaya mai kyau. To haka ake buga waɗannan. Koren layin nan da ke ƙarƙashin jininka numfashinka ne, sara yana cinsa, mirginawa tana cinsa, tare duka da garkuwa ma yana ci, idan ya ƙare ka zama gunki. Sara biyu ka ja baya. Karon farko da bos ma kar ka sa ran ci, shiga kawai ka kalli yadda yake kai hannu, Margit misali yana ɗaga sandarsa ya riƙe a sama kamar ya manta da ita, kai kuma tsoro ya sa ka mirgina da wuri, kana miƙewa tana sauka a kanka. Jira sai hannun ya taho. Kuma abin da hankali ba ya ɗauka da farko, sau da yawa mirginawa cikin saran ko gefensa ya fi mirginawa baya, don akwai ɗan ƙiftawar ido a cikin mirginawar da babu abin da ke taɓa ka, idan ka yi baya kuwa tsawon makamin ne zai cim maka. Magani ma ba a sha don an firgita, sai ya gama jerin dukansa.

Maganar kuɗi, wato runes. Da su ake ƙara lebul da su ake sayayya, idan ka mutu suna zubewa a wurin, in ka sake mutuwa kafin ka ɗauko shi kenan sun tafi. Ba wanda zai sayar da sa a kasuwar Maigatari ya cusa kuɗin a aljihu ya shiga daji da dare, amma a game sai ka ga yaro da dubbai yana leƙa kogon da bai sani ba. Da sun isa ƙara lebul ɗaya je ka wurin hutu ka yi amfani da su. In kuma sun ɓace, sun ɓace, kar ka bi su da fushi, nan ne ake mutuwa sau biyar a jere.

To ina za a zuba su? Layi takwas ne a wajen ƙara lebul, kuskuren shi ne a raba daidai wai adalci, ko a zuba duka a ƙarfi don sara ya yi zafi. A farko zuba a wanda aka rubuta Vigor, shi ne jini, ka bi shi a hankali har wajen 40 kafin tsakiyar tafiya, sauran ka ba makaminka iya abin da yake nema don ya riƙu. Zafin sara a farkon game daga maƙera yake zuwa ba daga lebul ba, akwai teburin ƙira a cocin nan na ɗan kasuwa da zai kai maka makami +3, daga nan sai wajen maƙeri Hewg a Roundtable Hold, wani zaure da za a kai ka nan gaba a game ɗin, makami na gama-gari yana kaiwa har +25. Zaɓi ɗaya ka riƙe shi, kar ka raba duwatsunka kan takubba biyar. Wanda ya riga ya ɓata rabon ma ba a rasa gyara ba, bayan ka ci wata bos mai suna Rennala a makarantar Raya Lucaria za ta bar ka ka sake rabawa idan kana da wani abu da ake tsinta a game ɗin mai suna Larval Tear.

Akwai kuma girman kai, wannan ya fi yawa ga manyanmu. Bayan Melina, matar da take zuwar maka a wurin hutu, ta ba ka doki, koma cocin nan na ɗan kasuwa da dare wata mai shuɗiyar fata za ta ba ka ƙararrawar kiran mataimaka da kyarkeci uku, suna ɗauke hankalin bos kai kana sara ta baya. Sai wani ya ce wai wannan ai ha'inci ne. Wa ya ce? Masu game ɗin ne suka saka, tunda babu wajen zaɓen mai sauƙi ko mai wuya a menu, to waɗannan su ne sauƙin. Kuma don Allah a daina saran duk wanda aka gani a tsaye, wanda bai taso maka ba yi masa magana, ka kashe ɗan kasuwa ko mai ba da aiki ba ya dawowa, game ɗin yana sebin da kansa nan take.

Wannan sebin ɗin ya kawo ni kan namu na ƙauye. Babu tsayar da game a tsakiyar faɗa, don haka idan an kusa kiran salla ko ka ji janareta ya fara tari kar ka shiga hazon ƙofar bos, zauna wurin hutu ko ka fita ta menu yadda ya kamata, wuta ta ɗauke ana tsakiyar sebin tana iya lalata aikin wata guda. Gurbin sebin goma ne, kowa ya buɗe nasa da sunansa, na sha raba rigima a kan wani ya shiga na wani ya ɓatar masa da runes. Sannan gaskiya ba game ɗin biyan kuɗin minti goma ba ne irin ball, mai naira kaɗan a hannu zai fita bai ga komai ba sai mutuwa, shi ya sa na mayar da shi na safe lokacin da rana ta buɗe sola yana cika kuma ba layi.

Wanda kuma ya gwada ya ji har yanzu ya yi masa tsauri, ba dole sai ta nan za a shiga ba. God of War na 2018 da The Witcher 3 na 2015 duk suna da matakin wahala huɗu ka zaɓi na ƙasa ba kunya, sai dai Witcher surutun Turanci ya yi yawa kuma akwai wuraren da ba na yara ba sam, ni ban sa shi a shago. Mai waya kawai zai iya koyon haƙurin a Monster Hunter Freedom Unite ta PPSSPP, manhajar da ke buga game ɗin PSP a waya, ba ya cin data. Genshin Impact na 2020 kyauta ne kuma da sauƙin shiga, amma ba ya tashi sai da intanet, yana cika waya, ga tsarin sa kuɗi a juya a ga wa zai fito wanda ni dai ya yi min kama da caca.

Ɗan yayan nawa dai ya ci Margit ranar wata Asabar da hantsi, da kyarkecinsa uku da takobi +4, ihun da ya yi sai da mai shayin gefe ya leƙo ya ɗauka batir ne ya fashe. Yanzu sati biyu kenan yana hannun Godrick, bos ɗin da ke cikin Stormveil bayan Margit, jiya na gan shi ya juya doki ya nufi wani kogo neman duwatsun ƙira ba tare da kowa ya ce masa komai ba.