Yadda ake shirin gwajin tuƙin mota da abin da za ka yi ranar

Iya tuƙi daban, cin gwajin tuƙi daban. Akwai wanda ya daɗe yana jan mota lafiya lau amma ranar gwaji ko minti goma ba a yi ba an gama rubuta masa faɗuwa, dalili kuwa shi mai gwajin da ke zaune a gefenka ba gwaninta ya zo kallo ba, so yake ya tabbatar idonka na aiki. Shi kuma ba ya ganin abin da ke ranka, kanka kawai yake gani, in ka saci kallon madubi da wutsiyar ido to a wajensa ba ka duba ba. Ka ɗan juya kai ya gani.

Fara da motar. In da hali ka yi gwajin da wadda ka koya da ita, don kowace mota da inda kulocinta yake kamawa, wata da ka ɗan ɗaga ƙafa ta kama, wata sai ka kusa saki gaba ɗaya. Kuma ka sani a ƙasashe da dama in ka ci gwaji da otomatik, lasisin otomatik ɗin kaɗai za a ba ka, ba ka da izinin jan mai giyar hannu. Kwana ɗaya kafin ranar ka duba sigina, fitilar birki, oda, waifa da iskar taya, takardunka kuma su kwana wuri ɗaya, in kana sa gilashin ido kar ka manta shi.

Wajen atisaye kar ka ɓata lokaci a miƙaƙƙiyar hanya, wannan kowa ya iya. Ribas, fakin tsakanin motoci biyu, juyawa a ƙaramin titi, sai kuma tashi a kan tudu wanda shi ne ke kunyata mutane. Ga yadda yake: birkin hannu a ja, taka kuloci, saka giya ɗaya, ba ta totur kaɗan, sai ka riƙa ɗaga ƙafa daga kuloci a hankali har ka ji ƙarar injin ta sauya motar tana neman tafiya, to nan ka tsayar da ƙafarka cak, ka duba, sannan ka saki birkin hannu. In ta koma baya ka yi saurin sakin birki ne, in ta mutu kuma kulocin ka saki da gaggawa. Maimaita shi har ƙafarka ta haddace.

Ranar gwaji je da wuri. Kana shiga mota gyara kujera yadda za ka taka kuloci har ƙasa ba tare da miƙe ƙafa sosai ba, gyara madubai ukun nan, ɗaura bel, tabbatar giya tana firi kafin ka tayar. Kafin ka motsa: madubi, sigina, sannan ka waiga ta kafaɗa saboda akwai wurin da madubi ba ya nunawa kuma nan mai babur ko mai keke ke ɓuya. Haka za ka yi duk lokacin da za ka canza layi ko za ka yi kwana.

Tazara tsakaninka da na gaba aƙalla daƙiƙa 2. Zaɓi wani abu a gefen hanya, motar gaba na wuce shi ka fara ƙirga, in ka iso kafin ka kai biyu ka matse shi da yawa, in ana ruwa kuma ka ninka. A gudun kilomita 50 a awa mota tana cin wajen mita 14 duk daƙiƙa ɗaya, kuma in ka ninka gudu tazarar da birki ke buƙata ninki huɗu take yi, ba biyu ba. Amma fa kar tsoro ya sa ka riƙa rarrafe a hanyar da ba kowa, shi ma laifi ne ana rubutawa.

Alamar tsayawa, jan allon nan mai kusurwa takwas, tsayawa take nufi, taya ta daina juyawa kwata-kwata. Ni nan aka kayar da ni karon farko wallahi, na rage gudu na leƙa na ga ba kowa na wuce abina, ina ta murna ashe tun a nan an gama da ni. A shataletale ka bari na ciki su wuce, ka kunna sigina in za ka fita. Mai tafiya a ƙasa ya sa ƙafa a wurin tsallakawa, tsaya masa.

In mota ta mutu maka a tsakiyar gwaji ba a gama ba tukuna, yawanci abin da za ka yi bayan nan shi ake kallo. Ja birkin hannu, maida giya firi, tayar, duba madubi da kafaɗa, ka ci gaba kamar ba a yi ba. In ba ka ji umarni da kyau ba ka ce ya maimaita, in kuma ka riga ka wuce kwanar da ya ce kar ka fizgi sitiyari, ci gaba da tafiya shi zai sake nuna maka hanya. Rubutun da yake yi ma ka daina leƙawa, ba kowane rubutu ne laifi ba.

Da ya ce ka faka, nemi wurin da doka ta yarda, sigina, tsaya, birkin hannu, giya firi, kashe mota. Ko ƙofa za ka buɗe duba madubi tukun, har yanzu yana zaune a gefenka da biro a hannu.