Yadda ake rage kashe kuɗi a gida don biyan bashi idan samu ya ragu

Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafin man fetur, samun magidanta da yawa a Sakkwato ya ragu, har da waɗanda ba a taɓa albashinsu ba. Kuɗin suna nan yadda suke, abin da suke saye ne ya ƙanƙance. Ɗan kasuwa ciniki ya ja baya, ɗan fansho yana jiran wata, giɓin da ya rage kuma bashi ne ke cike shi: na mai shago, na adashi, na dangi, na manhajar waya mai ba da rance. Fita daga wannan hali yana yiwuwa, amma sai an bi shi da lissafi. Kayan aikin kaɗan ne: littafin rubutu ɗaya, biro, da zama na gaskiya tsakanin maigida da uwargida.

Rubuta bashin duka

A shafin farko, kowane bashi ya samu layinsa: wanda ke bi, nawa ne, yaushe aka yi alkawarin biya, kuma yana ƙaruwa ko yana nan tsaye. Kada a bar ƙananan. Kuɗin mai ga-ruwa, na tela, na mai kemis, da wanda uwargida ta ranta wajen maƙwabciya duk su shiga. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da rubuta bashi, don haka babu abin kunya a nan.

Ga misalin da za mu bi har ƙarshe. Magidanci da samunsa ya sauko daga naira 150,000 zuwa 110,000 a wata. Manhajar waya tana bin sa 30,000, mai shago 45,000, makarantar yara 25,000, yayansa 100,000, sannan ya riga ya kwashi adashi, saura zubi huɗu na 10,000. Jimla 240,000.

A shafi na biyu a rubuta duk abin da ya fita daga aljihu har mako biyu, ko da naira 50 ce. Nan ake gane inda kuɗin ke zurarewa. Naira 500 ta shayi, goro da tsire a majalisa kullum ita ce 15,000 a wata. Mutane kan rantse abinci ne ke cinye kuɗinsu, sai littafin ya nuna musu wani abu dabam.

Cire rabon bashi kafin komai

Ranar da kuɗi suka shigo, a ranar za a fitar da kason bashi a miƙa wa masu shi. Wanda ya ce zai biya da abin da ya rage a ƙarshen wata, ba abin da zai rage. Kashi ɗaya cikin biyar na samu ma'auni ne da gida zai iya jurewa. Kada a wuce kashi ɗaya cikin uku. Dokar ƙwadago ta Najeriya ma iyakar da ta sa ke nan a kan abin da za a cire daga albashin ma'aikaci a wata. Idan aka zarce haka, kafin ashirin ga wata an koma cin sabon bashi don a ci abinci, an yi aikin baban giwa.

A misalinmu kason bashi 22,000 ne. Sauran 88,000 za a iya raba su haka: abinci 48,000, ajiyar kuɗin haya 10,000, makaranta 6,000, zirga-zirga 8,000, wuta da ruwa da gawayi 8,000, gaggawa 4,000, kati da data 2,000, zumunci 2,000. Kowa ya gyara adadin daidai da gidansa. Abin da ba a taɓawa shi ne layin gaggawa, domin zazzaɓin yaro ɗaya yana iya rushe tsarin wata uku idan babu ko sisi a gefe.

Je wa masu bin ka bashi kafin su zo maka

Wannan mataki ne mafi nauyi, kuma shi mutane suka fi tsallakewa. Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Abin da ke ɓata zumunci shi ne kashe waya da canza hanya. Ka je da ƙafarka, ka faɗi adadi da rana. Ga mai shago: "Alhaji, samuna ya ragu. Kana bi na 45,000. Zan riƙa kawo 5,000 duk ƙarshen wata, a wata na biyar in cika maka sauran. Daga yau kuma abin da zan saya, hannu da hannu ne." Ga ɗan'uwa: "Yaya, ban manta da kuɗinka ba. Ka yi mini haƙuri zuwa wata na shida, daga nan zan fara ba ka 22,000 duk wata." Aya ta 280 a Suratul Baƙara ta umarci mai bin bashi ya jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci, kuma yawancin mutane suna yin haka idan suka ga gaskiya. Amma ka yi alkawarin da ya yi ƙasa da ƙarfinka. Wanda ya ce 5,000 ya kawo 6,000 ya fi wanda ya ce 10,000 ya kawo 8,000 daraja a idon mai kuɗi.

Bashin banki nasa dabam ne. Tun 1 ga Agusta 2020 akwai tsarin GSI na Babban Bankin Najeriya, wanda ya ba banki damar cire bashin da aka kasa biya daga sauran asusun mutum ta lambar BVN. Sauya banki ba ya ɓoye kowa. A rubuta wa reshen takarda tun kafin a saɓa biyan farko, a nemi a tsawaita wa'adi, a kuma tambayi jimlar abin da za a biya bayan tsawaitawar, don tana ƙaruwa.

Kicin

Nan ne mafi yawan kuɗin suke, nan kuma aka fi yin kuskure. Manufar ita ce a rage tsadar abincin, ba yawan abin da yara ke ci ba.

Babbar asara ita ce sayen ƙulle-ƙulle. Man gyaɗa na 200 da safe, gishiri na 50, omo na 100, kullum. A auna a gani: a ƙirga ƙulli nawa ke cika kwalba, a kwatanta da kuɗin kwalbar. Kayan da ba sa lalacewa, irin su gero, dawa, wake, gishiri, kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa da sabulu, a yi awonsu sau ɗaya a wata a Tsohuwar Kasuwa ko Kara. Wanda kuɗinsa ba su kai buhu ba ya haɗa kai da maƙwabta uku ko huɗu su saya su raba. Idan akwai mai zuwa kasuwar Achida ko Illela, a ba shi saƙo, amma a haɗa da kuɗin mota da na dako kafin a ce an samu rangwame. A sa a auna buhun a gaban mai saye, domin yawan tiyar da ke cikin buhu ba ɗaya ba ne.

Bayan awo sai rabo. Uwargida ta auna abin da gidan ke ci a rana, a ninka sau bakwai, a fitar da na mako kawai, sauran a ɗaure. Idan buhu yana buɗe a tsakar gida, hannu yana nauyi wajen ɗiba, hatsin wata sai ya ƙare a kwana ashirin. Niƙa ma a kai na mako gaba ɗaya, a shanya garin ya huce kafin a rufe, in ba haka ba zai yi tsami. Dusar kuma kada a bar ta a wajen mai inji. Masu kiwo suna saye.

Shinkafa, taliya da burodi su ne ke cinye kuɗin cefane. A mayar da su sau biyu a mako, sauran kwanaki tuwon gero ko na dawa, dambu, ɗanwake, fate. Da safe koko ko ɗumame ya fi shayi da burodi araha, ya kuma fi riƙe ciki. Idan nama ya yi wuya, wake, gyaɗa, awara da busasshen kifi su tsaya a madadinsa, musamman saboda yara da mai ciki. Zogale da rama ba su da tsada, ana ma iya shuka zogale a bayan ɗaki da ruwan wanke-wanke marar omo.

Lokacin saye yana da tasiri ƙwarai. Hatsi ya fi araha da kaka, ya fi tsada daga bazara zuwa tsakiyar damina. Tumatir, tattasai, tarugu da albasa suna sauka da rani idan kayan fadama sun shigo daga su Goronyo, Wurno da Kware. Lokacin ne ake yanka tumatir a shanya kauɗa a kan tabarma mai tsabta har ya bushe ƙayau; in da sauran danshi aka ƙulle, zai yi fumfuna. Albasa a baza ta a inuwa inda iska ke ratsawa, a riƙa tsince ruɓaɓɓu. Wake ƙwari ne abokan gabarsa: a zuba shi a buhun PICS mai leda biyu a ciki, ko a jarka busasshiya a cika ta har wuya a toshe. Rashin iska ke kashe ƙwarin, don haka yawan buɗewa yana ɓata aikin. Gargaɗi ɗaya: kada a ci bashi mai kuɗin ruwa don a tara hatsi, domin farashi yakan faɗi, bashin kuwa ba ya faɗuwa.

Wajen girki, a jiƙa wake tun dare, a rufe tukunya, a dafa miyar rana da ta dare lokaci guda, a kashe sauran garwashi da ƙasa a ajiye na gobe.

Hanya, wuta, waya, ruwa

Kabu-kabu na 300 zuwa, 300 dawowa, kwana 22, ya kama 13,200. A haɗa saƙonni a fita ɗaya, a taka inda ƙafa za ta kai da sanyin safiya, yaran unguwa ɗaya su haɗu a agwagwa da buje (keke Napep) guda a biya ta wata. Mai mota ya ajiye ta sai ranar da iyali za su fita. Mai mita ta kati ya sani dutsen guga, hita da risho na lantarki su ne masu shan wuta, ba ƙwan fitila ba. Kuɗin kira da data sun tashi a farkon 2025, don haka layi ɗaya ya isa, a kuma kashe sabuntawar da ke cire kuɗi da kanta. Cire kuɗi kaɗan-kaɗan wajen mai POS yana nufin biyan caji sau goma a maimakon sau biyu. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ƙanƙara da ruwan leda suna cin kuɗi ba a ankara ba. Randa biyu a inuwa a kan jiƙaƙƙen yashi suna rage wannan sosai.

Magani ba wajen tsimi ba ne. Mai hawan jini ko ciwon suga kada ya tsallake ƙwaya don a biya bashi. A kwana cikin gidan sauro, a kuma karɓi maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake raba wa yara 'yan ƙasa da shekara biyar gida-gida da damina, kyauta ne.

Biki, suna da Sallah

A Sakkwato ba a yanke zumunci saboda talauci, kuma bai kamata ba. Abin da ake yi shi ne a sa masa iyaka. Kuɗin zumunci na wata idan sun ƙare, sun ƙare. Sauran bukukuwan a je da ƙafa, a kama aiki, a yi addu'a. Anko a dakatar da shi har bashi ya ƙare, uwargida ta faɗa wa ƙawayenta tun da wuri. Kayan Sallah na yara a sayi yadi wata biyu kafin azumi, kafin teloli su cika, manya su maimaita na bara. Layya tana kan mai iko, wanda ake bi bashin da ya kasa biya ya tambayi malamin unguwarsu kafin ya ƙara wani bashin don rago. Sabon adashi ma a jingine shi, domin wanda ya kwasa da wuri bashi ya ci.

Wanda za a fara biya

Bashin da ke ƙaruwa shi ne na farko. Idan manhaja ta ba ka 30,000 ta ce ka mayar da 36,000 bayan wata, kashi 20 cikin ɗari ke nan a wata ɗaya, ga tarar jinkiri, ga haramcin riba. Irin wannan ba a biyan sa kaɗan-kaɗan. A sayar da wani abu a kashe shi lokaci guda: babbar waya a koma ƙarama, janareton da ba a iya sa wa mai, tunkiya. Abin sana'a kuwa, kamar keken ɗinki, babur ɗin aiki ko gona, ba a sayar da shi, kuma kayan ɗakin uwargida nata ne, sai da yardarta, a rubuta a matsayin rance. Kada a ranta a wata manhajar don a biya wata. Wadda ta shiga tura wa mutanen da ke wayarka saƙon cin mutunci, a ajiye hoton saƙon a kai ƙara hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu sayayya.

A misalinmu, bayan an kashe na manhaja saura 210,000. Wata uku na farko: adashi 10,000, makaranta 7,000, mai shago 5,000. A wata na huɗu makaranta saura 4,000, sai 3,000 ɗin ta hau kan na mai shago. Adashi ya ƙare, wata na biyar 22,000 ta rufe littafin mai shago. Daga na shida kason duka ya koma kan yaya, a wata na goma a gama. Kuskuren da ake yi shi ne idan bashi ɗaya ya ƙare sai a mayar da kasonsa cikin cefane. Kason 22,000 yana nan yadda yake har layi na ƙarshe ya goge. Duk kuɗin da suka zo ba zato, kamar ariyas ko kyauta, rabi bashi, rabi gaggawa.

Wani watan zai ƙi. Idan haka ta faru, a sanar da mai kuɗi kwana uku kafin ranar, a kai ko rabi ne, a sake lissafin watannin. Idan kuwa lissafi ya nuna ko an tsuke iyakar tsukewa bashin zai haura shekara biyu, ragi kaɗai ba zai isa ba. Sai a nemi ƙarin sana'a, a roƙi masu bi su yafe wani ɓangare, a kuma kai takarda Hukumar Zakka da Waƙafi ta Jihar Sakkwato, domin waɗanda bashi ya danne suna cikin rukunin mutane takwas da aya ta 60 a Suratut Tauba ta ba haƙƙin zakka. Duk biyan da aka yi a rubuta kwanan wata da adadi, mai karɓa ya sa hannu ko a ajiye shaidar tura kuɗin, na ƙarshe kuma a yi shi gaban shaida a soke sunan daga littafin mai shago.