Yadda za ka yi aiki da "lack" ba tare da Faransanci ya jefa ka rami ba

Jiya da daddare ƙanina da ke shirin jarrabawar Probatoire ta sakandare a nan Garwa, Kamaru, ya kawo min littafinsa na Ingilishi in duba masa, layin farko na ci karo da "we lack of water in our quarter". Wallahi wannan kuskuren na gan shi ya fi a ƙirga, kuma ba laifin yaran ba ne, mu da muka yi karatu da Faransanci kanmu ya riga ya saba da "manquer de", wato "lack" ɗin Faransanci, sai mu ɗauko "de" ɗin nan mu maida shi "of" mu manna.

"Lack" dai shi ne rashi, abu babu shi ko kuma bai kai yadda ake buƙata ba. To abin da za ka riƙa yi kafin ka rubuta shi ne ka tambayi kanka da Hausa, "rashin" nake so in ce ko "ba mu da". In "rashin" ne to suna ne, shi ke tafiya da "of": "lack of water" rashin ruwa, "lack of money" rashin kuɗi. In kuwa "ba mu da" ne to aikatau ne, kai tsaye yake hawa kan abin ba ɗan rakiya: "we lack water", "she lacks patience" wato ba ta da haƙuri, kar ka manta da s ɗin nan in mutum ɗaya ne, abin da ya wuce kuma "lacked". Shi ke nan fa, gwajin Hausar nan bai taɓa ba ni kunya ba.

Sai "shortage", shi ne "pénurie", ƙaranci. Abin yana nan amma bai ishi jama'a ba, kuma yawanci na ɗan lokaci ne, kayan da ake aunawa ko ƙirgawa kamar mai, hatsi, magani, malamai. Ka tuna 2023 da Najeriya ta cire tallafin mai, zuwa-zuwa, wato man da ake shigowa da shi daga Najeriya, ya yi tsada masu jarka a bakin titi suka ragu, 'yan moto masu haya da babur kowa na kuka, to irin wannan "fuel shortage" ake cewa. Amma ba ka cewa yaro yana da "shortage of respect", ladabi ba a mudu ake aunawa ba, nan "lack of respect" ne.

Wani wurin da "manquer" ke yaudarar mu shi ne kewa. Ɗan uwanka ya tafi Njamena ka rubuta masa "I lack you", a'a don Allah, "I miss you" ake cewa. Haka in jirgin ƙasan Ngaundere ya tafi ya bar ka, "I missed the train".

Ka kula da baki ma, "lack" daban "luck" daban, na biyun sa'a ne, mu kuma duk "lak" muke ce musu. A hira da aboki ba sai ka wahal da kanka ba, "I don't have money" ya wadatar, "lack" ya fi zama a jarrabawa da takardar neman aiki. Ƙanin nawa na sa shi ya rubuta jimla 10, biyar da "of" biyar babu, gobe zai kawo min.