Martini da aka sauya wa harsashi: abin dubawa kafin ciniki

Idan aka miƙo maka tsohuwar bindiga Martini-Henry aka ce "an mayar da ita .303", wato an sauya ta ta ci harsashi lamba .303, kada ka fara da tambayar nawa ce. Tambayi wanda ya mayar da ita. Amsar nan ce ke yanke mata kuɗi, ita ce kuma ke nuna ko ta harbi ce ko ta rataye a bango.

A 1871 sojojin Ingila suka fara riƙe wannan bindiga mai cin harsashi ɗai-ɗai, lamba .577/450, da baƙin albarushi mai hayaƙi. Daga 1895 masana'antar gwamnati ta Enfield a Ingila ta riƙa cire tsohon bututun tana ɗaura sabo na .303, aka kira su Martini-Enfield. Aikin hukuma ba ya rasa shaida: a gefen dama na ƙarfen jikinta akwai kambi da V.R., haruffan sunan Sarauniya Biktoriya, da shekarar ƙira, a hagu kuma an buga shekarar sauyin. Irin wannan tana da daraja wurin masu tara tsoffin makamai. Wadda wani maƙeri ya ƙwaƙule mazaunin harsashinta a shagonsa, ko ya cusa mata wani bututu a ciki, kuɗinta ya faɗi komai sheƙinta.

Ni dai nakan daɗe a kan rubutun nan, da tabaran ƙara girma a hannu, saboda maƙeran yankin Kaibar, tsakanin Pakistan da Afganistan, sun ƙera na kwaikwayo masu yawa. Sau da yawa za ka ga N ta ENFIELD ta juya baya, haruffa sun hau sun sauka, ko V.R. tare da shekarar da ta wuce 1901, alhali a shekarar Sarauniya Biktoriya ta rasu. Ka ga haka, kada a sa mata harsashi ko ɗaya.

Sai ƙarfen kansa. Sauke hannun buɗewa ka tabbata babu komai ciki, ka haska tocila ta baya ka leƙa ta baki. Ɗan duhu ba laifi ba ne, amma ramukan tsatsa masu zurfi matsala ne. Bi bututun da yatsu, a hankali, ko za ka ji kumburi. Duba tsagewa a wuyan ƙota. Rufe ta ka taɓa ƙarfen da ke tokare harsashi. Idan yana girgiɗi, ta gaji.

Lambar da aka buga a jiki ba hujja ba ce. Ƙwararren mai gyaran bindiga yakan narka Cerrosafe, wani ƙarfe da ke narkewa tun ruwa bai tafasa ba, ya zuba a mazaunin harsashi, ya fitar da siffarsa ya auna. Tambarin gwaji na Landan ko Bamingam, wato shaidar an gwada ƙarfin bindigar, ma ya daina aiki da zarar an taɓa mazaunin bayan buga shi, kuma albarushin zamani ya fi baƙin albarushi ƙarfi nesa ba kusa ba. Ɗaura igiya a kunama a ja daga bayan bishiya ba gwaji ba ne. Tana iya jure na farko ta fashe a na goma, a fuskar mutum.

Don Allah kada ka goge ta da samfefa. Wannan launin ƙasa-ƙasa na tsufa shi mai saye ke biya. Ɗan mai da tsumma sun isa. A Najeriya kuma dokar makamai ta 1959 ta wajabta lasisi, don haka ka ga takarda kafin kuɗi ya bar aljihunka.