Yadda ake sa sabuwar takarda a injin rasit

'Yan'uwa masu shago a Makka da Jidda, tun Disamba 2021 doka ta ce rasit ya fito da lambar QR (hoton nan mai kusurwa huɗu da ake dubawa da waya), injin nan kuwa yana buga irin wannan rasit.

1. Danna maɓalli, murfi ya buɗe, ka cire ragowar kwalin tsohuwar takardar.
2. Duba faɗin takardar: na injin kan tebur yawanci milimita 80 ne, na injin hannu 58.
3. Nan ake yawan kuskure. Injin ba ya shan tawada, zafi ne ke rubutu, kuma fuska ɗaya ce ke kamawa. Karce ta da farce. Wadda ta yi baƙi ita za ta kalli kan injin, wato sashen da ke yin zafi ya yi rubutu.
4. Jawo bakin takardar waje kaɗan, rufe har ka ji ƙas.

Don Allah kada ka bar naɗin cikin mota, zafin rana yana baƙanta shi.